Ƙwayar sola mai hawa biyu: littafin aikina, Fabrairu zuwa Afrilu 2025

Litinin, 3 ga Fabrairu

Yau aka miƙo mini ƙwayoyin silikon 30, irin ƙananan ƙwayoyin da ake jerawa su zama farantin sola, daga rukunin da muke aiki tare, kowacce a 'yar akwatinta, wurin da zai sha haske bai wuce santimita 1 murabba'i ba. Su ke nan rabona har watan Yuni, shi ya sa na buɗe wannan littafi don in san inda kowacce ta tafi. Da Hausa zan riƙa rubutawa, saboda Yayana da ke sana'ar haɗa sola a Kano ya ce yana son ya san abin da ya zaunar da ni Jamus shekara biyu.

To Yaya, ga shi a taƙaice. Farantin da kake ɗorawa a rufin mutane silikon ne zalla, kuma silikon yana da iyakar da ba ya ƙetarewa. Hasken rana gauraye yake: akwai shuɗi da kore masu ƙarfi, akwai ja da na bayan ja masu rauni. Silikon yana karɓar su, amma rarar ƙarfin da ke cikin shuɗin zafi kawai take zama. Tun 1961 masana biyu, Shockley da Queisser, suka lissafa wannan iyaka, kuma lissafin da aka sabunta daga baya ya nuna cewa abin da ƙwaya mai hawa ɗaya ke mayarwa wuta daga hasken da ta sha ba zai wuce kusan kashi 33 cikin 100 ba, shi kuwa silikon a kansa yana tsayawa wajen 29.4. Dabarar ita ce a goya masa wata ƙwayar a bayansa. Ta saman, wadda ake yi da ferobskait, wani haɗin gishirin dalma da ake shafawa siriri, tana cinye shuɗi da kore, ta bar ja ya ratsa zuwa ga silikon a ƙasa. Kowa ya ci abin da cikinsa zai iya narkarwa.

A 2009, lokacin da Tsutomu Miyasaka na Japan ya fara buga sakamakon gwajin ferobskait, kashi 3.8 ya samu. A watan Yunin bara kamfanin LONGi na China ya kai mai hawa biyu 34.6. Sai dai duk waɗannan lambobi a zafin digiri 25 ake auna su, cikin ɗaki mai sanyi. Rufin Kano a watan Afrilu kuwa, iska tana haura 40, faranti yana ɗara iskar da digiri 20 zuwa 30. Abin da na sa a gaba shi ne ƙwayar da za ta yi awa 500 a ƙarƙashin haske da zafin digiri 65, ta fito da kashi 90 na ƙarfin da ta shiga da shi.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Ban taɓa silikon ba tukuna, a kan gilashi nake gwada hannu. Guda 12 na shafa, 8 sun lalace.

Matsalar daga shimfiɗar farko ce, wadda ferobskait ke kwanciya a kanta, sinadarin Me-4PACz, wadda kaurinta ƙwayar sinadari ɗaya ne tak. Da ita rukunin Steve Albrecht na Balin suka kai 29.15 a 2020, kuma aikinta yana da kyau ƙwarai. Amma ba ta son jiƙa. Da na ɗiga ruwan ferobskait a kai sai ya dunƙule kamar ruwa a kan ganyen gwaza, na'urar juyi tana tashi ya watse ya bar gefuna tsirara.

Talata, 11 ga Fabrairu

Na gauraya Me-4PACz da 'yar'uwarta MeO-2PACz, kashi 3 da kashi 1. Ruwa ya kwanta. Goma cikin 12 sun rufu har gefe, baƙi wuluk, suna sheƙi.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Rukuni na farko a kan silikon, guda 6. Kwana uku na yi a kansu. Jeren daga ƙasa zuwa sama: silikon, shimfiɗar nan ta sirara, ferobskait mai kaurin nanomita 700 (nanomita miliyan ɗaya ke yin milimita 1), lisiyom fuloraid nanomita 1, C60, wani nau'in kabon, da ake turarawa a cikin na'urar da aka zuƙe wa iska, oksaid ɗin kuza don kariya, shimfiɗa mai ɗaukar wuta wadda haske ke ratsawa, sannan siraran layukan azurfa.

Wadda ta fi: kashi 27.8. Ƙarfin wuta bolt 1.86, gudunta miliamfa 19.3. Ta ƙarshe 26.1. Alhamdulillah. Ban taɓa ganin lamba irin wannan daga hannuna ba, kuma na daɗe tsaye gaban kwamfutar kafin in cire ta.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Na yi asarar uku a wajen rufewa.

Ferobskait ba ya shiri da laima da iska, dole a kulle shi tsakanin gilashi biyu. Ledar EVA da ake sa wa farantan silikon na kasuwa ba ta dace da shi ba, don in ta tsufa cikin zafi da danshi tana fitar da asid irin na ruwan kal. Saboda haka na ɗauki ledar foliyolefin, na zagaye gefe da robar butil. Kuskurena a zafin na'urar matsewa yake: na bar ta a digiri 150, inda masu silikon suka saba. Da ƙwayoyin suka huce na ɗaga su gaban fitila, sai ga wasu fararen tabo kamar ƙasar da ta dare bayan ruwa ya janye. Ledar ta ja jiki wajen hucewa, ta ɗaye saman ƙwayar daga ƙasanta. Na buɗe ɗaya don in ga inda ta rabu: daidai tsakanin C60 da oksaid ɗin kuza. Masu wannan aiki sun daɗe da sanin cewa nan ne haɗin da ya fi rauni, na kuma karanta haka, amma ban yi zaton zai same ni tun a matsa ta farko ba.

Ragowar ukun na matse su a 120, na tsawaita lokaci, na bar su suka huce a hankali cikin na'urar har tsawon awa guda. Sun fito lafiya, mafi ƙarancinsu ta rasa kashi 0.3 kawai.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Ukun sun hau gwaji ƙarfe 10 na safe. Haske daidai da rana tsaka, farantin ɗumamawa a digiri 65, kwamfuta tana riƙe kowacce a wurin da ta fi ba da wuta tana rubutawa duk minti 5. A ƙa'idojin gwajin juriya na ISOS da masu bincike suka amince da su a 2020 ana kiran wannan gwajin L-2.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Awa 96, kuma duka ukun sun faɗi ƙasa da kashi 80 na ƙarfinsu. Mai 27.8 ɗin nan da na yi murna da ita tana ba da abin da silikon ɗin da ke ƙarƙashinta zai iya bayarwa shi kaɗai. Na kashe fitila.

Abin da na fara zargi shi ne rabuwar aidin da buromin. Don a buɗe tazarar makamashin ferobskait, wato ƙarfin da haske ke buƙata kafin ƙwaya ta iya shanye shi, zuwa 1.68, yadda zai dace da 1.12 na silikon, ana gauraya sinadaran nan biyu, kuma tun 2015 Eric Hoke da abokan aikinsa a Stanford suka nuna cewa haske yana sa su ware, kowa ya koma cikin danginsa, ƙarfin wuta ya sauka. Na haska ƙwayoyin da leza na auna launin da suke mayarwa. Kafin gwaji yana nanomita 738, yanzu 741. Bai motsa yadda zai bayyana wannan faɗuwa ba. Ba nan ɓarnar take ba, ko kuma ba nan ta fi yawa ba.

Sai na sa ɗaya ƙarƙashin madubin ƙara girma. Layukan azurfa sun soma yin rawaya a gefe. Aidin ne ya taso daga ƙasa, ya bi ta ƙananan huji a oksaid ɗin kuza, ya ci azurfar. Ke nan katangar da na gina tana yoyo. Abu na biyu da nake zargi shi ne lisiyom fuloraid: yana ƙara bolt a ranar farko, shi ya sa kowa ke son sa, amma yana shan danshi kuma lisiyom ba ya zama wuri ɗaya. Na uku sinadarin mesil-amoniyom da ke cikin haɗin ferobskait, wanda zafi ke kora.

Zato uku ne, ba zan ƙona silikon a kan zato ba. Zan koma gilashi in raba su ɗaya-ɗaya. Gobe za a tashi da azumi.

Litinin, 3 ga Maris

Gilashi 16, gida huɗu: tsohon haɗi, marar lisiyom, marar mesil-amoniyom, da wanda aka ninka wa katangar kuza. Sun hau zafi.

Juma'a, 7 ga Maris

Awa 90 sun isa a ga bambanci. Tsohon haɗin ya faɗi kamar yadda ya yi a kan silikon. Cire lisiyom shi kaɗai ya rage faɗuwar da fiye da rabi. Ninka katanga ya hana azurfa yin rawaya. Marar mesil-amoniyom ya fara da ƙasa, amma layinsa ya fi kowanne miƙewa. Duka ukun suna da hannu, lisiyom ne babba.

Ga shawarar da na yanke. A wurin lisiyom zan sa magniziyom fuloraid, wanda rukunin Stefaan De Wolf na jami'ar KAUST a Saudiyya suka nuna amfaninsa a 2022. Katangar kuza daga nanomita 15 zuwa 25. Haɗin ferobskait kuma siziyom da fomamidiniyom kawai, kamar yadda 'yan Stanford suka yi a 2017 lokacin da suka kai 23.6, ƙwayarsu ta ferobskait ta jure awa 1000 cikin zafi da danshi.

Akwai ƙari ɗaya wanda na kaina ne, na kwana biyu ina juya shi. Zan rage buromin daga kashi 23 zuwa 18, tazarar ta sauko wajen 1.65. Dalili: hawa biyun a jere aka haɗa su, wutar da ta fita daga sama ita ke bi ta ƙasa, don haka wanda ya fi rauni shi ke yanke wa ɗayan gudu, kamar shanun huɗa biyu a karkiya ɗaya. A digiri 25, 1.68 ne ke daidaita su. Amma zafi yana yi musu aiki a saɓanin juna: tazarar silikon tana tsukewa, ta ferobskait tana buɗewa. Mutanen KAUST ɗin sun auna wannan a fili a gaɓar Bahar Maliya, suka buga a 2020 cewa inda ƙwaya ke aiki sama da digiri 55, tazarar da ta dace ƙasa take da 1.68. In na yi haka lambata a ɗakin awo za ta ragu. Na yarda da hakan, tunda ba don ɗakin awo nake yin ta ba.

Laraba, 12 ga Maris

Ranar da ta fi kowacce nauyi zuwa yanzu.

Duk aikin ruwa a cikin akwatin naitirojin ake yin sa, wanda ake zura hannu ta dogayen safar roba. Jiya da yamma na shafa wa silikon 4 sabon haɗi, na bar su ciki su kwana kafin a turara C60. Da safe na tarar da ƙararrawa tana kuka. Wani da ya yi aiki da dare ya huda safar dama a yatsa, da alama da ɓallin gilashi, bai lura ba ko bai faɗa ba. Oksijin da ya kamata ya zauna ƙasa da 1 cikin miliyan ya haura 400. Ƙwayoyina huɗu sun dusashe, gefensu ya yi rawaya, ruwan da na haɗa ya yi gajimare.

Ba fushi ne ya fi damuna ba, lissafi ne. Goma sun tafi, saura 20, ba ni da sakamako ko ɗaya da zan nuna. Mai kula da ɗakin, wani dattijo da ya kusa ritaya, ya canza safar, ya ce wanke akwatin zai ci kwana biyu. Ya kuma manna takarda a jiki: duk wanda ya gama, ya duba yatsu goma ya sa hannu. Na koma ɗaki kafin la'asar, na sha ruwa da dabino ni kaɗai, ban iya cin komai ba sai bayan isha.

Kuɗin da aka kashe daga 3 ga Fabrairu zuwa yau: sinadarai kusan Yuro 900, fiye da rabi a kan gishirin dalma mai tsafta da shimfiɗun nan biyu, safa sabuwa da iskar wanke akwati kusan 350, awoyin na'urar kuza, da ake cirewa daga asusun aikina, 420.

Talata, 18 ga Maris

Rukuni na biyu ya kammala, guda 6. Mafi kyau 26.4, bolt 1.82, gudu 18.9. Duka shidan suna tsakanin 25.7 da 26.4, wato hannuna ya fara daidaita.

A taron rukuni wani abokin aiki ya ce baya na ci, daga 27.8 zuwa 26.4, kuma mujallu manya ba sa kallon lamba irin wannan a yau. Gaskiya ya faɗa game da mujallu. Na nuna musu awon da na yi jiya a kan farantin ɗumamawa: a 25 hawan sama yana ba da wuta fiye da na ƙasa, a 65 sun kusa haɗuwa. Farfesa ta daɗe tana kallon zanen, sannan ta ce in ci gaba, ta ba ni layi huɗu a na'urar gwaji har tsakiyar Afrilu.

Juma'a, 21 ga Maris

An rufe shidan lafiya a 120. Huɗu sun hau gwaji ƙarfe 9, biyu na ajiye cikin duhu don kwatance.

Talata, 25 ga Maris

Awa 96, daidai inda na farko suka mutu. Duka huɗun suna sama da 97.

Da dare Yaya ya kira. Na ba shi labari da ɗoki, ya saurara har na gama, sai ya ce, "Auta, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka. Amma ni farantin da nake sayarwa takardarsa shekara 25 ta ce. Naki in Alhaji ya tambaye ni shekara nawa, me zan ce masa?"

Na ce, "Yaya, yanzu dai kwana huɗu na tabbatar."

Ya ce, "To ki ci gaba da ƙirga. Kuma ki tuna da ƙura, ki tuna da kashin tsuntsu."

Ya taɓo wurin da ban soma ba. In inuwa ta rufe ƙwaya ɗaya a faranti, sauran suna tura mata wuta ta baya, kuma ferobskait shi kaɗai ba ya jure wannan sosai, ko da yake silikon da ke ƙasa yana ɗauke masa mafi yawan nauyin. Na rubuta shi cikin abubuwan da ke jira.

Litinin, 31 ga Maris

Jiya Sallah. Na leƙa bayan Idi: awa 220, uku suna 95 zuwa 96, ta huɗu tana 91 kuma tana gangarowa da sauri fiye da sauran.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Ta huɗun ta mutu. Wani tabo mai ruwan ɗorawa ya taso daga kusurwar da wayar ke fita, yana ci zuwa tsakiya. Robar butil ba ta kama jikin wayar ba, laima ta sami ƙofa. Ba haɗin ne ya gaza ba, rufina ne. Nan gaba zan sa robar ninki biyu, sama da ƙasan wayar.

Rawayar nan aidin ɗin dalma ce, kuma ruwa yana ɗaukar ta. Duk lokacin da na jefa irin wannan a kwandon guba sai Zamfara ta faɗo mini, 2010, ƙauyuka irin su Dareta da Bagega, inda gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400. Dalmar da ke cikin shimfiɗata ba ta da yawa, kusan giram 1 a kowace mita murabba'i. Amma na san inda tsohon faranti ke ƙarewa a wajenmu: bayan gida, ko hannun 'yan gwangwan, yara suna wasa da fasassun gilashi. Duk wanda zai kai wannan fasaha can, dole ya tafi da tsarin karɓo ta in ta mutu. Ina son wannan ya shiga babi guda a kundina, ko da ba a nema ba.

Talata, 8 ga Afrilu

Kwamfutar gwaji ta sake kunna kanta cikin dare, bayanan awa 11 sun ɓace. Fitila da zafi ba su tsaya ba, don haka ƙirga yana nan. Na rubuta giɓin a fili.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Awa 500 sun cika ƙarfe 5 na asuba. Ukun da suka rage: 93, 92, da 90.4 na ƙarfin farko. Biyun da ke duhu ba su canza ba. Azurfa fara tas. Launin da suke mayarwa bai gusa ba.

Na kai inda na ce zan kai ranar 3 ga Fabrairu, da uku cikin huɗu. Na yi sujada a ɗan lungun da nake sallah bayan ɗakin awo. Sai dai layin bai kwanta ba, yana ci gaba da sauka a hankali, kusan kashi 1 duk awa 100 a ƙarshen nan. Kuma uku ba su isa a kafa hujja ba. Rukunin KAUST da suka bar tasu shekara guda a waje a gaɓar Bahar Maliya, kashi 80 ta riƙe. Tsakanin wannan da shekara 25 ɗin Yaya akwai tafiya.

Talata, 22 ga Afrilu

An yi hutun Ista, ɗakin ya yi shiru, na samu na zauna da lambobi. A wannan watan LONGi suka sake ɗaga tasu zuwa 34.85. Kamfanin Oxford PV kuma, mai masana'anta a Brandenburg nan Jamus, tun watan Satumban bara ya fara aika faranti na sayarwa zuwa Amurka, masu kashi 24.5. Waɗannan farantan nake son jin labarinsu bayan damina biyu ko uku.

Saura silikon 14. Ga rabonsu: 6 za su hau haske a digiri 85, 4 za su shiga akwatin zafi da danshi, digiri 85 da laima kashi 85, awa 1000 kamar yadda ƙa'idar IEC 61215 ta tanada, 4 kuma zagayen sanyi da zafi, daga 40 ƙasa da sifili zuwa 85, sau 200. Wannan na ƙarshe ya fi ba ni tsoro saboda haɗin C60 da kuza da ya dare mini a Fabrairu. Gwajin inuwa zan fara shi da ukun da suka tsira, tunda sun riga sun tsufa. Akwatin danshi ba zai samu ba sai 5 ga Mayu, kuma kuɗin sinadaran da ya rage zai kai ni rukuni biyu ne kawai, don haka na rubuta wa Farfesa neman ƙarin Yuro 600.

Gobe ƙarfe 8 zan haɗa ruwan rukuni na uku. Na sa sunana a takardar akwatin naitirojin daga 8 zuwa 2.